Nazir Ya Jera Bakin Unguwa

Malam Nazir, mai koyar da fiziks a jami'ar da ke Aliero, mutum ne da Allah ya cika wa kai da lissafi, sannan ya ɗan rage masa wayon zama da mutane. Ba zagi nake yi ba, wallahi duk wanda ya zauna da shi zai gaya maka haka. In ka yi kuskuren tambayarsa me yake bincike, to ka yi ban kwana da abincin ranarka.

Zai jawo wata wayar kejin kaji da ya naɗe kamar tabarma, ya ce ka dubi ramukan nan masu kusurwa shida. Haka ƙwayoyin kabon, wato sinadarin gawayi, suke jeruwa su yi bututu, sai dai na gaskiyar don siranta gashin kanka gungume ne a kusa da shi. A cikin bututun akwai ilektaron, ɗan mitsitsin abin da ke ɗauke da wutar lantarki, yana da wata ɗabi'a da ake kira juyi, kamar allurar nuna alƙibla, ko ta dubi sama ko ta dubi ƙasa. Daga nan sai Malam ya soke albasa da tsinken tsire, ya zura ta cikin wayar. Da maganaɗisu, in ji shi, ana sa allurar ta fuskanci inda ake so. Kuma da yake bututun naɗaɗɗe ne, tafiyar ilektaron da juyinsa a ɗaure suke da juna, don haka in ka tura shi gaba da baya da ƙarfin lantarki a daidai inda bututun ya lanƙwasa, sai allurar ta kifa. Wanda ya iya wannan ya iya rubuta e da a'a a jikin ƙwaya ɗaya, kwamfutar gobe ke nan. Shi dai lissafi yake yi. Masu gwadawa suna can wata ƙasa da injinan sanyi, don irin sanyin da abin ke so ko a mafarki bai taɓa sauka a Kebbi ba.

Mutum ɗaya ce ta taɓa sauraren bayanin nan har ƙarshe, ita ce Hidaya, 'yar Katanga, mai aikin jinya a Jega. Da ya gama ta ce ta gane, sannan ta zare albasar daga tsinke ta sa a jaka, ta ce haram ne a bar ta ta lalace. Tun ranar Nazir bai sake zama daidai ba. Yana son ta, so na gaske, irin wanda ke sa babban mutum ya sa hula a karkace ya shiga aji bai sani ba.

Magana ta yi nisa har ta kai gida. Wata ranar Juma'a da la'asar, suna zaune a zauren gidansu a Katanga, Hidaya ta ce masa, "Baba ya ɗora wa Baffa Yalwa bincike. Sati mai zuwa zai shiga Aliero."

Nazir ya zabura. Ya san yadda ake yi: ba a tambayar mai neman aure komai. Maƙwabta ake bi, da mai shayi, da mutanen masallaci, a ji abin da za su faɗa a bayan idonsa. Kuma ya san Baffa Yalwa, ƙanen mahaifin Hidaya, dillalin albasa mai manyan motoci da babban ciki, wanda ya ɗauki binciken aure kamar sarautar da aka naɗa shi. Shi ne ya rusa maganar wani ɗan kasuwa daga Jega don kawai an ce ya taɓa sayen tsire ya ɓuya bayan tasha ya cinye shi kaɗai.

"To mi kake tsoro?" in ji Hidaya. "Ka yi sata ne?"

"A'a."

"To ka bar mutane su faɗi abin da sunka sani."

Ai kuwa nan ne tsoron yake. Duk hanyar komawa Aliero yana kan babur yana lissafa abin da suka sani. Sun san yana magana shi kaɗai a hanya. Sun san yana wasa da albasa a tsinke, da gemunsa da komai. Sun san shekara da shekaru yana aiki a kan abin da ko shi bai taɓa gani da ido ba. In aka bar kowa da bakinsa, wannan ya ce gabas, wancan ya ce yamma, Baffa zai tattara ya kai Katanga cewa yaron nan ko taɓaɓɓe ne ko boka.

Kafin ya kai kwanar shiga gari dabara ta faɗo masa, kuma don Allah ku ji irin dabarar mai ilimi. Ya ce ai wannan matsala ya san ta. Ƙwayoyin da aka bari sakaka cikin zafi, kowace allura inda ta ga dama take duba, ba abin da za ka karanta sai hayaniya. Amma ka kawo maganaɗisu mai ƙarfi, duk sai su jeru su dubi wuri guda. To mutanen unguwa sun fi ilektaron taurin kai ne?

Washegari ya fara da Ɗanasabe mai shayi, wanda teburinsa ke bakin layinsu, kuma duk labarin da bai bi ta kan teburin nan ba bai faru ba.

"Ɗanasabe, in wani ya zo yana tambaya a kaina, ga abin da za ka ce. Mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa, kuma aikinsa zai amfani al'umma nan gaba."

Ɗanasabe ya tsaya da buta a sama. "Malam, ka bar ni in faɗa da bakina mana. Ni ma na iya yabo."

"Bakin naka ne matsalar. Maimaita."

Ya maimaita. Nazir ya gyara masa inda ya ci wata kalma, ya sa shi ya sake, kamar ɗan aji ɗaya. Daga nan ya wuce wurin ladanin masallacin layi, ya je wa mai gidan hayarsa, ya je wa bakaniken da ke gyara masa babur, har da tsohuwa mai toya masa da ke kwanar layin. Ba wanda ya ƙi, don ba su da abin ƙi a wurinsa, kuma kowa na son ya ga an yi bikin da za a ci shinkafa. Kafin sati ya zagayo, unguwa ta hardace. Nazir ya koma ofis yana jin kansa kamar wanda ya sake gama wani digiri na uku.

Ranar kasuwa Baffa Yalwa ya sauka a Aliero cikin ɓad da kama. Ɓad da kamar kuwa ita ce baƙin tabarau da tsohuwar riga, wai shi baƙo ne mai neman irin albasa. A garin da rabin manoma sun taɓa loda masa buhu! Tun daga bakin kasuwa ake ta "Alhaji Yalwa, barka da zuwa," yana ɗaga hannu yana cewa a yi ƙasa da murya.

Ya zauna a bencin Ɗanasabe, ya sa aka haɗa masa mai kauri, ya yi ta kewaye-kewaye a kan farashin taki da tsadar haya, sannan ya jefa tambaya kamar ba da gangan ba. Wani malamin jami'a da ke layin nan fa, wai Nazir?

Ɗanasabe ya ajiye cokali, ya miƙe tsaye, ya dubi sama. "Mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa, kuma aikinsa zai amfani al'umma nan gaba."

Baffa ya gyaɗa kai, ya ji daɗi. Ya dai ɗan yi mamakin yadda mai shayi ya koma magana kamar mai karanta labarai a rediyo.

Mai gidan haya ya faɗi haka nan, kalma ba ta sauya ba. Baffa ya ce to, wataƙila sun saba zama tare. Ladan ya faɗa, har da jan murya a ƙarshe saboda sabo. Tsohuwa mai masa ta faɗa tana ƙirgawa da yatsu kada ta tsallake. Da aka zo kan bakanike, yana durƙushe gaban wani babur hannu duk baƙin mai, ya fara da ƙarfinsa, "Mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa, kuma..." sai ya tsaya. Ya sosa kai da sifana. Ya leƙa shagon maƙwabcinsa ya ɗaga murya, "Kai, mi ne ne ƙarshen nan?"

"Al'umma!" aka amsa daga ciki.

Baffa Yalwa ya cire tabarau a hankali ya sa a aljihu. Tun da yake binciken aure bai taɓa taka ƙafa wurin mai nema ba, don abin kunya ne. Ranar ya taka. Ya sa direba ya kai shi jami'a, ya yi ta tambaya har aka nuna masa ƙofa, ya tura ba tare da ya jira an amsa sallamar ba.

Nazir na tsaye da albasa a tsinke, yana zura ta cikin waya yana magana da bango. Da ya ga wanda ya shigo sai ya zube ƙasa, tsinken na hannunsa. "Baffa, sannu da zuwa. Ina wuni, Baffa."

"Lafiya lau. Tashi. Wanga mi ne ne?"

Mai hankali da ya ce kayan koyarwa ne, ya yi shiru. Nazir kuwa an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Tsoro bai hana shi ba, ya kwashe bayani tun daga gawayi har kwamfutar gobe. Baffa na zaune a kujerar ɗalibai, wadda ta yi masa kaɗan, yana saurare da ido ƙanƙance.

"Tsaya," in ji shi. "Abin ba a ganinai?"

"Ba a gani, Baffa."

"Cikin gawayi shike zaune?"

"Kusan haka."

"Kuma kai ka ce mai duba sama ya duba, duba ƙasa ya duba?"

"In an daidaita maganaɗisu da lantarki, e."

Baffa ya yi a'uziyya a fili, ya janye ƙafarsa daga kusa da wayar. "To gaya mani gaskiya tsakaninka da Allah. Mutanen layinku, da wanga abu ka ɗaure masu baki?"

"Subhanallahi! Baffa, ba asiri ba ne. Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya na koya masu."

Ya faɗa ne don ya wanke kansa, yana jiran ya ga fuskar tsohon ta saki. Sai ta ƙara ɗaurewa.

"Da asirin ne da ya fi mani sauƙi," in ji Baffa. "Asiri ana karya shi. Kai yaro, kana tsammanin na baro kasuwata na sa tsumma don in ji kai mutumin kirki ne? Kowa mutumin kirki ne ranar neman aure. Ni abin da nike nema shi ne, ranar da ɗiyarmu ta fito daga ɗakinka da hawaye, wa zai buɗe baki ya ce Malam bai kyauta ba? Na zagaya layinku kaf, ban samu ko mutum guda ba. Ta je wurin mai shayi ya ce mata aikinka zai amfani al'umma?"

Nazir ya ajiye tsinken. A duk lissafinsa bai taɓa sa wannan ba. Kunya ta kama shi, tsoro ya fi kunyar yawa, don ya ga Hidaya na zame masa a kan abin da ya yi da hannunsa.

Baffa ya dafa gwiwa ya miƙe. "Zan gaya wa yayana ban ga komai ba. Abin da ban gani ba kuwa ba na ba shi ɗiya."

"Baffa, don girman Allah. Mu koma layin, in ce su faɗi gaskiya."

"Ka ce su faɗi? Wato ka sake koya masu ke nan." Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. "Duk duniya akwai wanda ya san ka, wanda ba ka bi ka karanta mai ba?"

Akwai. Nazir ya san akwai, kuma ya san dalilin da ya sa bai je can ba. Yayarsa Aishatu, a Andarai ta ƙasar Maiyama, mace ce da ko liman ba ya gaya mata abin da za ta ce. Ya faɗi sunanta.

"Shiga mota," in ji Baffa.

Suka bi ta Jega suka miƙa Maiyama, direba na ta zagin ramuka. Sun tarar da Aishatu a gidan mahaifiyarsu tana sheƙe gero. Aka yi sallama da ita, ta yafa mayafi ta fito zaure, ta durƙusa ta gai da baƙo yadda ya kamata, ta sa aka kawo fura. Ƙanenta kuwa kallo ɗaya ta yi masa daga hula zuwa takalmi.

Baffa ya faɗi wane ne shi da abin da ya kawo shi. Ya ce zai sa yaron ya fita waje in ta fi son haka.

"A'a, Alhaji, ku bar shi nan. Abin da ba ni iya faɗa gabanai ba ni faɗa bayanai."

Ta gyara zama. Wayyo Nazir! Ta ce tun yana yaro in an aike shi sayen gishiri sai a same shi bakin rijiya yana jefa tsakuwa yana sauraro. Ta ce bai iya cefane ba, mai kifi na ganinsa yake hamdala. Ta ce ba a taɓa gardama da shi an gama ba, don ko ka yarda sai ya sake maka bayani. Ta ce ya taɓa zuwa ta'aziyya ya ɓuge da gaya wa masu makoki yadda tsawa ke sauka. Baffa na shan fura yana cewa "Awo, awo," fuskarsa na washewa kamar wanda ake karanta wa ribar kaka. Har Nazir ya fara jin ɗan sanyi a ransa.

Sai muryar Aishatu ta sauka.

"Waɗannan duk na dariya ne, Alhaji. Ga wanda ba na dariya ba. Da damina Inna ta kwanta, munka kai ta asibiti. Ya zo, ba zan yi mai ƙarya ba, ya zo da gudu, kuma duk abin da aka ce a kawo ya kawo. Amma ya zauna bakin gadonta da kwamfuta bisa cinya. Tana kiran sunanai, shina cewa yanzu Inna, yanzu Inna, har barci ya ɗauke ta. Tun da aka sallame ta bai sake tako ƙasar nan ba, kullum wai ana jiran sakamako daga waje. Ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗaga wa mace murya ba, balle hannu. Amma in abin nan nasa ya kama shi, zai iya manta mutum cikin ɗaki kamar buta. Wanga shi ne aibinai, kuma ba ƙarami ba ne."

Nazir ya sunkuyar da kai. Da akwai ƙarya ko ɗaya a ciki da ya samu abin riƙewa, babu. Ya tabbata magana ta mutu, kuma a karon farko ranar ba Hidaya kaɗai ke ci masa rai ba, har da Inna.

"In kun ba shi," Aishatu ta ƙara, "ku gaya wa ɗiyarku ƙofata a buɗe take. Ranar da ya manta ta, ta aiko. Ni zan hau mota har Aliero in tuna mai, da muciya in ta kama."

Baffa Yalwa ya shanye sauran furar, ya goge gemu, ya ciro waya ya kira Hidaya. Da ta ɗauka bai yi dogon bayani ba, ya miƙa wa Aishatu ya ce ta maimaita mata duka, kada ta rage ko ɗaya. Aishatu ta shige cikin gida da wayar. Mazan suka zauna suna kallon kaji. An daɗe, har aka fara jiyo dariyar Aishatu, sannan aka daɗe ba a ji komai ba. Da ta fito ta miƙa wayar ta ce, "Ta ce ta ji. Ta ce na farkon duk ta sani, na ƙarshen ne ba ta sani ba, kuma gara da ta ji yanzu. Ta ce tana so haka nan, amma in ajiye muciyar kusa."

Baffa ya miƙe, ya karkaɗe tsohuwar rigarsa. "To. In an cire albasa ku turo manya. Kuma ka sani, yaro, ba don kai na yarda ba. Don wannan baiwar Allah ce. Gidan da ke da mai faɗa maka gaskiya haka, ana iya kai ɗiya cikinai."

Nazir ya zube yana godiya, ya bi shi har mota ya kama murfin baya zai shiga.

"Ina za ka?" in ji Baffa. "Mota ta cika."

Motar da ba kowa a ciki sai direba. Ta tashi ta bar shi tsaye a ƙofar gida. Aishatu ta ɗauki ƙwaryar fura ta yi gaba, ya bi bayanta, ya ratsa tsakar gida har ƙofar ɗakin mahaifiyarsu, ya tsaya ya yi sallama.

Daga ciki tsohuwar ta amsa da ladabi, irin amsar da ake yi wa mutanen hanya. Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Aishatu, shimfiɗa wa baƙo tabarma, ki tambaye shi daga ina."

Nazir ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa.

"Inna, ni ne."